Eiji Tsuburaya, Maƙerin Dodannin Japan

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san motar kara da ta langa-langa, ya san shanun laka da 'yar tsana, ya kuma san irin faɗan da akan yi wa yaron da ya wuni yana haɗa su, a ce ya ɓata lokacinsa wajen shiririta. A yau kayan roba na ƙasashen waje sun ture yawancin waɗannan wasanni gefe guda. Idan Salla ta gabato akan ga 'yan mutum-mutumin roba a teburan 'yan koli, tun daga Kasuwar Kurmi har Sabon Gari, masu hular kwano da gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa. Da yawa daga cikinsu an kwaikwayo su ne daga jaruman talabijin na ƙasar Japan, kuma idan aka bi salsalar waɗannan jarumai sai an dangana da wani mutum guda, watau Eiji Tsuburaya, wanda shi ma da ƙera kayan wasa ya fara neman abinci.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a watan Yuli na 1901 a garin Sukagawa da ke lardin Fukushima, a gidan 'yan kasuwa. Yana da shekara uku mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa kuma ya bar gidan, saboda haka kakarsa mai suna Natsu ita ce ta rene shi. Sunansa na yanka Eiichi, amma da yake ya tashi tare da kawunsa Ichiro, wanda bai girme shi da yawa ba, sai ya zama tamkar ƙaninsa, aka riƙa kiransa Eiji, sunan da ke nuna ɗa na biyu.

A 1910 aka fara tayar da jirgin sama a Japan. Labarin ya shiga ran yaron ƙwarai, ya duƙufa yana sassaƙa ƙananan jirage na katako ta hanyar duban hotunan jarida. A 1916 ya tafi Tokiyo ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Haneda. Bai daɗe ba a cikinta, domin a 1917 malaminsu, Seitaro Tamai, ya faɗo da jirgi ya mutu, makarantar kuma ta watse. Sai ya koma makarantar koyon aikin lantarki, yana kuma aiki a wata masana'antar kayan wasan yara mai suna Utsumi, inda aka ɗora masa aikin ƙago sababbin kayan wasa, ciki har da wayar tarho ta yara.

Shigarsa aikin fim

A 1919 ya haɗu da wani darakta mai suna Yoshiro Edamasa, wanda ya ja shi zuwa kamfanin fim na Tenkatsu ya koya masa ɗaukar hoto. Bayan ya yi aikin soja na tilas ya koma sana'ar, ya zauna a birnin Kyoto, ya yi aiki da darakta Teinosuke Kinugasa. Tun a lokacin aka san shi da yawan gwaje-gwaje, yana amfani da hayaƙi da ƙarancin haske don ba hoto zurfi, abin da ya sha jawo masa saɓani da shugabannin kamfani, waɗanda suka fi son a haska fuskar jarumi fes kawai.

A 1933 fim ɗin King Kong na Amurka ya fito. Tsuburaya ya samo kwafinsa, ya zauna yana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya har ya gano yadda aka motsa ɗan ƙaramin goggon biri ya zama ƙato a idon masu kallo. Daga nan ya ƙudura cewa wannan fanni, na dabarun hoto na musamman, wanda Japanawa ke kira tokusatsu, shi ne aikin rayuwarsa. A 1937 ya koma kamfanin Toho, aka danƙa masa sashen wannan aiki.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Japan ta sa kamfanonin fim aikin farfaganda. A 1942 Toho ya fitar da fim game da harin da sojojin ruwan Japan suka kai Pearl Harbor, darakta Kajiro Yamamoto ya shirya shi. Sojojin ba su yarda sun ba da bayanan sirri ba, saboda haka da 'yan hotuna ƙalilan Tsuburaya ya gina ƙaramin samfurin tashar jiragen ruwan, da jiragenta da ma'ajin manta, sa'an nan ya ragargaza ta a gaban kyamara. Aikin ya yi kama da gaske matuƙa, ya kuma ɗaukaka sunansa.

Amma fa abin da ya ɗaukaka shi, shi ne ya kayar da shi. Bayan Japan ta sha kaye a 1945, hukumar mulkin mamaya ta Amurka ta shiga kawar da waɗanda suka taimaki yaƙin daga muƙamansu, kuma a 1948 Tsuburaya ya rasa aikinsa a Toho. Yana da mata da 'ya'ya maza uku. Bai zauna ba. Ya buɗe ɗan ɗakin gwaji a gidansa, yana karɓar ƙananan ayyuka daga kamfanoni daban-daban, sau da yawa ba tare da an sa sunansa ba. Sai a 1952, da mulkin mamaya ya ƙare, ya koma Toho sosai.

Godzilla

Ran 1 ga watan Maris na 1954 Amurka ta gwada wani ƙaton bam na nukiliya a tsibirin Bikini, tokarsa mai guba ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan. Hankalin jama'a ya tashi, domin shekara tara ke nan kacal da abin da ya sami Hiroshima da Nagasaki. A cikin wannan hali Tomoyuki Tanaka na kamfanin Toho ya kawo shawarar a yi fim na wani dodo da gwajin bam ya taso da shi daga ƙarƙashin teku. Ishiro Honda ya zama darakta, Tsuburaya kuma aka bar masa dodon.

Da fari ya so ya bi hanyar King Kong, watau a motsa mutum-mutumi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, amma da ya lissafa sai ya ga aikin zai ci shekaru, alhali watanni aka ba shi. Sai ya sa aka ɗinka rigar dodo ta roba mai nauyin kimanin kilo 100, wani ɗan wasa mai suna Haruo Nakajima ya shiga ciki, kamar dai yadda yaran tashe kan yi shigar burtu da azumi. Aka gina ƙaramin birnin Tokiyo, ko wane gini kashi ɗaya cikin 25 na girmansa na gaske. Sa'an nan aka riƙa ɗaukar hoton da sauri fiye da ƙa'ida, ta yadda idan aka nuna shi sai tafiyar dodon ta yi nauyi, gine-gine su riƙa zubewa sannu a hankali kamar na gaske. Fim ɗin ya fito ran 3 ga watan Nuwamba na 1954, mutane fiye da miliyan 9 suka kalle shi a Japan. Bayansa aka yi Rodan a 1956, da Mothra a 1961, da karon King Kong da Godzilla a 1962.

Daga silima zuwa talabijin

A watan Afrilu na 1963, yana da shekara 61, ya kafa kamfanin kansa, wanda aka sani da Tsuburaya Productions. Bai iya tattalin kuɗi ba. Ya yi odar wata na'urar haɗa hotuna mai tsadar gaske daga Amurka ba tare da yana da kuɗin biya ba, sai tashar TBS, inda babban ɗansa Hajime ke aiki, ta saye ta, ta kuma ba shi kwangilar shiri don a mori na'urar. Haka aka sami Ultra Q, wanda aka fara nunawa ran 2 ga watan Janairu na 1966.

Ran 17 ga watan Yuli na wannan shekara aka fara Ultraman, cikin launi. Labarin wani ƙato ne mai tsawon mita 40, mai launin azurfa da ja, wanda ya zo daga wata duniya ya haɗa rai da wani jami'in tsaro mai suna Hayata, kuma ƙarfinsa ba ya wuce minti uku a doron ƙasa. Tohl Narita ne ya zana siffarsa, Tetsuo Kinjo ya jagoranci rubutun labarin. Akwai makon da fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen da aka ƙidaya suka kalle shi. Duk da haka a kashi na 39 aka tsaya, a watan Afrilu na 1967, saboda ma'aikata sun kasa cim ma aikin mako-mako. Abin da aka fi tunawa da shi game da halin Tsuburaya a wannan lokaci shi ne ƙyamar da yake yi wa nuna jini a faɗan dodanni, domin ya san yara ne ke kallo.

Yadda dodo ya koma abin wasa

A 1966 kamfanin Marusan na Tokiyo ya sami izinin ƙera dodannin Ultra Q da Ultraman da roba mai taushi, yana sayar da ko wane ɗaya yen 350. Akan zuba gangar jiki daban, kai da hannuwa da ƙafafu daban, sa'an nan a cusa bakin wani cikin wani, ta yadda gaɓar za ta juya ba ta fita ba. Yara suka yi musu rububi. Marusan ya karye a 1968 da yayin dodanni ya lafa, tsofaffin ma'aikatansa suka kafa Bullmark a 1969, daga baya kuma cinikin ya koma hannun Bandai.

Wannan ya buɗe hanyar da ta zama ginshiƙin sana'ar. Kuɗin da tashar talabijin ke biya ba ya isar aikin, saboda haka kuɗin izinin ƙera kayan wasa shi ke cike giɓin. A kan wannan tsari kamfanin Toei ya fito da Kamen Rider a 1971 da Gorenger a 1975, dukansu ƙagen Shotaro Ishinomori, kuma daga zuriyar Gorenger aka samo Power Rangers na Amurka a 1993. A 2008 Bandai ya fara jerin S.H.Figuarts, 'yan mutum-mutumi masu tsawon kimanin santimita 15, masu gaɓoɓi a wuya da kafaɗa da gwiwa da idon sawu, har da tafukan hannu na canji. Waɗannan ba don yara aka yi su ba. Manya ne ke saye su adana, yawancinsu waɗanda suka kalli shirye-shiryen suna ƙanana. Tsofaffin na Marusan kuwa, waɗanda suka tsira daga hannun yara, sun zama abin nema a wajen gwanjo.

Rasuwarsa

Tsuburaya bai ga yawancin wannan ba. Ciwon zuciya da na asma sun matsa masa yana cikin aikin wani fim na baje kolin duniya da za a yi a Osaka. Ya rasu ran 25 ga watan Janairu na 1970 a garin Ito na lardin Shizuoka, yana da shekara 68. Ɗansa Hajime ya gaje shi, ya dawo da Ultraman a 1971. A 2019 garin Sukagawa ya buɗe gidan tarihi da sunansa.

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yaron da ke sassaƙa jirgin katako a Sukagawa ya sami makarantar sana'a, ya sami masana'antar da ta biya shi don ya ƙago abin wasa, ya sami kamfanin da ya ba shi sashe, ya kuma sami dokar da ta sa mai ƙera siffar dodonsa ya biya izini. Kano tana da masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai, tana da masu shirya fim, tana da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, tana kuma da yara masu hannu a ko wane lungu na cikin birni. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda, kuma wannan aiki ne da ya shafi ma'aikatun ilmi da na ciniki da masana'antu, da ɗaliban makarantun fasaha da ke shirin fitowa.