Earl Sutherland: Likitan da ya gano yadda saƙon homon ke shiga ƙwayar halitta

Idan tsoro ya kama mutum, sinadarin adirenalin yakan bazu cikin jini, nan take hanta ta saki sukari don jiki ya samu ƙarfin gudu. Likitoci sun daɗe da sanin haka, amma ba su san yadda homon ke isar da umarni cikin ƙwayar halitta ba. Earl Sutherland ne ya warware wannan ƙulli.

An haife shi ranar 19 ga Nuwamba 1915 a garin Burlingame na jihar Kansas a Amurka. Ya gama karatun likita a 1942 a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koma ɗakin binciken Carl Cori, masanin yadda jiki ke sarrafa sukari.

A 1953 ya koma Cleveland. Can ne shi da Theodore Rall suka niƙa hantar dabba, suka raba ruwan cikin ƙwayoyin da ɓawonsu. Da suka zuba homon a ruwan kaɗai, babu abin da ya faru. Da homon ya taɓa ɓawon kuwa, sai wani ƙaramin sinadari ya samu, wanda ya tayar da aikin sakin sukari. Shi ne cAMP.

Ashe adirenalin a bakin ƙofa yake tsayawa, kamar baƙon da ya yi sallama a zaure, yaron gida ya kai saƙonsa ciki. Shi ya sa ake kiran cAMP manzo na biyu. Daga baya an gano homon da yawa ta wannan hanya suke aiki.

Binciken ya haskaka cututtuka ma. Gubar ƙwayar kwalara tana sa ƙwayoyin hanji su yi ta ƙera cAMP babu tsayawa, sai ruwa da gishiri su riƙa kwarara, gudawa ta ƙarar da ruwan jikin maras lafiya.

A 1971, yana koyarwa a Jami'ar Vanderbilt, aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci shi kaɗai. Bai daɗe yana cin moriyarta ba, ya mutu a Miami ranar 9 ga Maris 1974, yana da shekara 58.