Rachel Carson: Matar da Ta Bi Sawun Guba

Ya kai ɗalibi, ka taɓa ganin manomi yana fesa maganin ƙwari a gonarsa? Bayan ƙwarin sun mutu, ina maganin yake tafiya? Wata mata 'yar Amurka mai suna Rachel Carson ta shafe shekarun ƙarshe na rayuwarta tana neman amsar wannan tambaya.

An haife ta ranar 27 ga Mayu, 1907, a garin Springdale da ke jihar Fensilbaniya. Iyayenta ba masu hali ba ne, amma suna da fili mai itatuwa. A nan mahaifiyarta ta koya mata sunayen tsuntsaye da tsirrai. Tun tana ƙarama take son rubutu, don haka da ta shiga kwaleji sai ta fara da nazarin Turanci. Daga baya ta koma ilmin halittu. Ta sami digiri na biyu a Jami'ar Johns Hopkins a 1932. Ta so ta ci gaba, amma rashin kuɗi ya hana ta. Mahaifinta ya rasu a 1935, nauyin gida ya dawo kanta.

Ta kama aiki a hukumar kula da kifi ta gwamnati, tana rubuta shirye-shiryen rediyo a kan halittun ruwa. Littafinta na 1951 a kan teku ya sami karɓuwa ƙwarai, har ta ajiye aikin gwamnati a 1952 ta duƙufa ga rubutu.

A wancan zamani akwai wani maganin ƙwari da ake kira DDT. A 1939 aka gano ƙarfinsa, kuma ya ceci rayuka masu yawa, domin yana kashe sauro da ƙwarƙwata masu yaɗa cuta. Wannan gaskiya ce, kada ka manta da ita. Sai dai bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane sun wuce gona da iri. An riƙa fesa shi daga jiragen sama a kan gonaki da dazuzzuka da unguwanni. A 1958 wata ƙawar Carson ta rubuto mata cewa tsuntsaye sun mutu a filinta bayan an yi feshin sauro. Daga nan ta shiga bincike.

To, ka natsu a nan, domin nan ne zuciyar darasin. DDT ba ya lalacewa da wuri. Yana iya shekaru a cikin ƙasa. Idan ya shiga jikin dabba kuma, ba ya fita da sauƙi, sai ya taru a cikin kitse. A jihar Mishigan an fesa shi a kan wasu manyan itatuwa don a kashe ƙwarin da ke sa musu cuta. Ganyen ya zuba ƙasa da gubar a jikinsa. Tana ta ci ruɓaɓɓen ganyen, ba ta mutu ba. Da bazara ta zo, wasu tsuntsaye masu jan ƙirji suka dawo, suka yi ta cin tana, suka yi ta mutuwa. Ba wanda ya yi niyyar kashe tsuntsu. Ganye abincin tana ne, tana kuwa abincin tsuntsu ce. Wannan jeri shi masana suke kira sarƙar abinci. Tsuntsu ɗaya yana cin tana da yawa, saboda haka gubar da ke jikinsu duka ta taru a jikinsa shi kaɗai. Duk wanda yake can saman sarƙar, shi ne ya fi kwasar guba. Mutum ma yana cikin masu zama a sama.

Ta tattara irin waɗannan hujjoji a littafinta Silent Spring, wato bazarar da ba a jin kukan tsuntsaye, wanda ya fito a 1962. Kamfanonin magani suka taso mata. Wasu suka ce ba ta da ilmin da za ta yi wannan magana, wasu suka raina ta don mace ce. Alhali ba ta nemi a daina amfani da maganin ƙwari gaba ɗaya ba. Ta nemi a yi amfani da shi da lissafi, a kuma gaya wa jama'a haɗarinsa. Ta kuma yi gargaɗi cewa yawan feshi yana sa ƙwari su saba da magani har ya daina kashe su.

Mutane kaɗan ne suka san cewa tana fama da ciwon daji a duk wannan lokaci. A 1963 kwamitin masana na Shugaba Kennedy ya goyi bayan yawancin abin da ta faɗa, kuma ta ba da shaida a gaban 'yan majalisar dattawa. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu, 1964, tana da shekara 56.

A 1970 Amurka ta kafa hukumar kare muhalli, a 1972 kuma ta hana fesa DDT a gonaki. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da shi a duniya, amma ta bar ƙofa ga ƙasashen da ke buƙatarsa don yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro.