KOFOWOROLA ABENI PRATT (1915–1992): MALAMAR MAKARANTA DA TA ZAMA JAGORAR MA'AIKATAN JINYA

1.0 Gabatarwa

A tarihin aikin jinya na zamani a Nijeriya, da wuya a ambaci mutum uku ba a sa sunan Kofoworola Abeni Pratt ba. Tarihin rayuwarta ya shafi ɗalibi mai koyon aikin malanta, domin da alli ta fara kafin ta ɗauki sirinji, kuma tarbiyyar malanta ce ta yi mata jagora har ƙarshen aikinta.

2.0 Haihuwarta da Karatunta

An haife ta a birnin Ikko a shekarar 1915. Tun tana ƙarama take sha'awar aikin jinya, amma mahaifinta ya ƙi amincewa, saboda a wancan zamani ana ganin aiki ne na ƙasƙanci wanda bai dace da 'yar gidan mutunci ba. Don haka sai ta shiga kwalejin horar da malamai ta 'yan mishan a Ibadan. Bayan ta kammala, ta koyar a makarantar 'yan mata ta C.M.S. da ke Ikko daga 1936 zuwa 1940. A shekarar 1941 aka ɗaura mata aure da Olu Pratt, wanda daga baya ya zama likita.

3.0 Zamanta a Ingila

A shekarar 1946 ta tafi Landan, ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas, wadda Florence Nightingale ta kafa a 1860. A lokacin ta haura shekara 30, ga aure ga reno, duk da haka ta jure har ta sami rajistar cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a 1950. Ta ƙara da horon ungozoma. Ana lissafa ta cikin baƙar fata na farko da suka yi aikin jinya a hukumar lafiya ta ƙasar Birtaniya, wadda aka kafa a 1948. Ba ta tsira daga wariyar launin fata ba, domin an taɓa samun majinyacin da ya ƙi yarda ta duba shi.

4.0 Dawowarta Gida da Shugabancinta

Ta dawo Nijeriya a 1954, ta kama aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. A lokacin manyan muƙaman jinya suna hannun Turawa, sai da aka kai ruwa rana kafin aka ba ta shugabancin ɗakin majinyata. Ta ci gaba da hawa mataki-mataki, har a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci dukkan ma'aikatan jinya na asibitin. A 1965 aka naɗa ta babbar jami'ar jinya ta tarayya, nan ma ita ce 'yar Nijeriya ta farko.

Babban burinta shi ne a daina ɗaukar ma'aikaciyar jinya a matsayin 'yar aiken likita. A ganinta, jinya fanni ne na ilmi mai buƙatar manhaja da jarrabawa da nazari. Wannan ne ya sa ta ba da gudummawa wajen buɗe sashen nazarin jinya a Jami'ar Ibadan a 1965, inda aka soma ba da digiri a fannin. Ta kuma taimaka wajen kafa ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan jinya da mujallarsu, don su riƙa rubuta abin da suka gano a bakin aiki. Ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugabar Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, sannan ta zama kwamishinar lafiya ta Jihar Legas daga 1973 zuwa 1975. A 1973 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ba ta lambar girmamawa ta Florence Nightingale. Ta rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1992.

5.0 Kammalawa

Tunanin da ya hana ta shiga aikin jinya tun farko bai gushe ba a wasu gidajenmu. A ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun, mace mai naƙuda takan gwammace ta haihu a gida da a ce namiji ne zai duba ta, alhali ba za a sami ma'aikaciya mace ba sai an bar 'ya'ya mata sun yi karatu mai zurfi. A nan ne nauyi ya faɗo kan malamin makaranta, domin shi ne kan fara gane yarinya mai hazaƙa, kuma shi ne iyaye kan saurara idan ya ba da shawarar a bar ta ta ci gaba.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya hana Kofoworola Pratt shiga aikin jinya tun da farko?
2. Kawo muƙamai biyu da ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta riƙe.
3. Yi bayanin rawar da malami zai taka wajen samar da ma'aikatan jinya mata a yankinku.