Samuel Coleridge-Taylor: Makaɗin da ya sayar da babban aikinsa a kan fam 15 da sule 15

A daren 11 ga Nuwamban 1898 zauren Kwalejin Kiɗa ta Masarautar Birtaniya da ke Landan ya cika maƙil, har aka riƙa mayar da mutane daga bakin ƙofa. Abin da ya tara su sabon aiki ne na wani matashi baƙar fata mai shekara 23, wanda bai daɗe da kammala karatu a kwalejin ba. Cikin masu sauraro har da Arthur Sullivan, dattijon da ake ji da shi a fagen kiɗan Ingila a lokacin, wanda ya taso daga jinya don kada abin ya wuce shi. Kafin gari ya waye sunan Samuel Coleridge-Taylor ya shiga jaridu. Sai dai aikin da ya fito da shi, Walimar Auren Hiawatha, ya fita daga hannunsa gaba ɗaya: ya sayar wa kamfanin ɗab'i na Novello haƙƙin mallakarsa a kan gini 15, wato fam 15 da sule 15.

An haife shi ranar 15 ga Agustan 1875 a unguwar Holborn ta Landan. Mahaifinsa, Daniel Peter Hughes Taylor, mutumin Saliyo ne da ya je Ingila karatun likita. Ya koma Afirka ta Yamma kafin a haifi yaron, daga baya ya yi aiki a Gambiya a matsayin jami'in binciken musabbabin mutuwa, ya kuma rasu a can a 1904 ba tare da sun taɓa haɗuwa da ɗan nasa ba. Mahaifiyar, Alice Martin, Baturiya ce, kuma ba a ɗaura musu aure ba. Ita ta raɗa masa suna, tana mai ɗauko shi daga sunan mawaƙin Ingilishi Samuel Taylor Coleridge, ta rene shi a Croydon, kudu da Landan, a gidan mahaifinta Benjamin Holmans, maƙerin takalman dawaki. Wannan kakan ne ya fara ɗora masa gogen Turawa a kafaɗa.

Gida ne na masu neman na yau da gobe. Abin da ya buɗe wa yaron hanya shi ne muryarsa a ƙungiyar mawaƙan coci, inda wani mai faɗa a ji, Kanar Herbert Walters, ya lura da shi ya tsaya masa. A 1890, yana ɗan shekara 15, ya shiga Kwalejin Kiɗa a matsayin ɗalibin goge, sannan ya koma ɓangaren tsara kiɗa a hannun Charles Villiers Stanford, malamin da ya yi suna wajen tsanani da saurin yaga aikin ɗalibi. Gustav Holst da Ralph Vaughan Williams, waɗanda daga baya suka zama manyan makaɗan ƙasar, sun yi zamani da shi a kwalejin, amma shi ya riga su fice. A 1898 Edward Elgar, da aiki ya yi masa yawa, ya ba masu shirya bikin kiɗa na Gloucester shawarar su nemi wannan matashi ya rubuta musu sabon abu. Ya rubuta, ya jagoranci makaɗan da kansa, aka yaba. Watanni biyu bayan haka aka yi daren Hiawatha.

Domin a fahimci girman abin da ya saki, sai an san yadda sana'ar take a lokacin. A Turai ana rubuta kiɗa a takarda da alamomi na musamman, kamar yadda ake rubuta magana da haruffa, kuma wanda ya iya karatun zai iya rera waƙar ko kaɗa ta ko da bai taɓa jin ta ba. Babu rediyo, faifan garmaho kuma yana jariri. A maimakon haka, kusan kowane gari a Ingila da Wales yana da ƙungiyar mawaƙa ta sa-kai: ma'aikatan masaƙa, mahaƙan kwal, akawuna, malaman makaranta, mutum 100 ko 200 su taru da yamma suna bita. Kowane ɗayansu yana buƙatar kwafinsa a hannu. Nan kuɗin yake, a sayar da littafin. Wanda ya riƙe kaso a kan kowane kwafi ya dasa itacen da zai ci 'ya'yansa har tsufa. Wanda ya sayar baki ɗaya kuwa ya ci kuɗinsa sau ɗaya ke nan.

Walimar Auren Hiawatha ta dace da waɗannan ƙungiyoyi kamar an auna. An ɗora ta a kan wani sashe na doguwar waƙar Ba'amurke Henry Wadsworth Longfellow game da 'yan asalin Amurka ta Arewa, ba ta da tsawon da zai gundiri mai sauraro, ba ta fi ƙarfin mawaƙin da ba gwani ba, ga kuma karin da ke maƙale wa mutum a ka. An sayar da dubban ɗaruruwan kwafi. Na tsawon shekaru ana jera ta da Messiah na Handel da Elijah na Mendelssohn wajen yawan rerawa a Ingila. Mawallafin ya ƙara mata sassa biyu, Mutuwar Minnehaha a 1899 da Tafiyar Hiawatha a 1900, aka gabatar da ukun a haɗe a zauren Royal Albert a 1900.

Adalci ne a faɗi cewa ba ƙwace aka yi masa ba. Sayar da aiki baki ɗaya al'ada ce ta zamanin, musamman ga sabon shiga, kuma kamfani yana iya cewa shi ya ɗauki kasadar bugawa. Fam 15 ba ƙaramin abu ba ne a wurin matashi mai shirin aure. Amma da ciniki ya bunƙasa fiye da duk wani zato, yarjejeniyar ta tsaya yadda take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙarshen 1899 ya auri Jessie Walmisley, wadda suka yi karatu tare a kwalejin, bayan danginta sun daɗe suna ƙi saboda launin fatarsa. Sun haifi ɗa a 1900, suka sa masa suna Hiawatha, sai 'ya a 1903, Gwendolen, wadda daga baya ta koma amsa sunan Avril ta kuma gaji mahaifinta a sana'a. Ciyar da wannan gida shi ne ya cinye ragowar rayuwarsa. Ya koyar a Kwalejin Kiɗa ta Trinity daga 1903, daga baya a makarantar Guildhall. Ya jagoranci ƙungiyar Handel ta Landan daga 1904 har rasuwarsa, ga wasu ƙungiyoyin a wasu garuruwa. Ya yi ta yawon alƙalancin gasar waƙa, har zuwa Wales, yau a wannan jirgin ƙasa gobe a wancan.

Sai gidan wasan kwaikwayo, wanda ya zame masa hanyar samu mai ɗan kauri. Herbert Beerbohm Tree, ɗan wasa kuma mai tafiyar da babban gidan wasa na titin Haymarket a Landan, mutum ne mai son ƙasaita a kan dandamali: fadoji, rundunoni, cincirindon jama'a. Irin wannan wasa ba ya tafiya sai da kiɗa, na buɗe labule, na shigowar sarki, na rawa, da na cike giɓi yayin da ake sauya kayan dandamali a baya. Tree ya ɗauko Coleridge-Taylor don wasan Herod a 1900, ya sake kiran sa don Ulysses a 1902, Nero a 1906 da Faust a 1908, dukkansu daga alƙalamin Stephen Phillips, sannan Othello na Shakespeare a shekararsa ta ƙarshe. Aiki ne da ke buƙatar sauri da haƙuri, domin a nan kiɗa bara ne ga wasa: tsawonsa yana bin takun ɗan wasa, kuma abin da aka kwana ana tsarawa ana iya datse shi a wurin bita. Ya ƙware a kai. Daga baya yakan tsinto mafi daɗin sassan ya haɗa su wuri guda don a kaɗa a zaurukan kiɗa, kuma tarin da ya fitar daga Othello yana cikin ayyukansa da har yau ake ji.

Masu sharhi sun sha cewa bai sake yin abin da ya kai Hiawatha ba, har Elgar da ya fito da shi ya ja baya da yabo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai masu yin ta ba su cika tambayar yaushe mutumin yake samun zama ya yi tunani ba.

Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, amma bai ɓoye asalinsa ba. Haɗuwarsa da mawaƙi baƙar fata na Amurka Paul Laurence Dunbar a Landan ta sa ya ɗora kiɗa a kan waƙoƙinsa. A 1900 yana cikin mahalarta taron farko na haɗin kan baƙar fata na duniya da aka yi a Landan, inda ya san W. E. B. Du Bois. Ya rubuta kiɗa don tunawa da Toussaint Louverture, jagoran juyin juya halin Haiti, sannan a 1905 ya fitar da tarin karin waƙoƙi 24 na baƙar fata daga Afirka da tsibiran Karibiyan da Amurka, waɗanda ya tsara don fiyano, Booker T. Washington ya rubuta gabatarwa. Burinsa shi ne ya yi wa waƙoƙin mutanensa abin da Dvořák da Grieg suka yi wa na ƙasashensu. A titunan Croydon kuwa, 'yarsa ta tuna yadda yakan ƙara damƙe hannunta idan ya hango samarin da suka saba yi masa habaici kan launinsa.

A Amurka ne aka fi ɗaukaka shi. Baƙaƙen fata a Washington sun kafa ƙungiyar mawaƙa mai ɗauke da sunansa a 1901, suka gayyace shi. Ya je sau uku, a 1904 da 1906 da 1910. A zuwan farko Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadar White House, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a kudancin ƙasar, kuma ganin baƙin mutum riƙe da sanda a gaban makaɗa farare abu ne da mutane da yawa ba su taɓa gani ba.

A ƙarshen Agustan 1912 ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta West Croydon. Ciwon huhu ne. Ya rasu ranar 1 ga Satumba yana da shekara 37, aka binne shi a maƙabartar Bandon Hill. Da yawa daga waɗanda suka san shi sun ɗora alhakin a kan yawan aiki. Da aka duba abin da ya bari, sai jama'a suka sha mamaki: mutumin da ake rera aikinsa a ko'ina bai bar wa iyalinsa abin kirki ba. An shirya taron kiɗa a zauren Royal Albert don tara musu gudummawa, Sarki George na Biyar kuma ya yanka wa matar fanshon fam 100 a shekara. Muhawara ta ɓarke a jaridu kan yadda ake biyan masu tsara kiɗa, kuma labarinsa yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa kafa ƙungiyar karɓar haƙƙin makaɗa ta Birtaniya, PRS, a 1914, wadda ke karɓar kuɗi a madadin mai aiki duk lokacin da aka gabatar da aikinsa a bainar jama'a.

Hiawatha ta ci gaba da kawo kuɗi bayansa. Daga 1924 zuwa 1939, kusan kowace shekara, ana mayar da zauren Royal Albert dandalin wasa na tsawon mako biyu, ɗaruruwan mawaƙa sanye da fuka-fukai da tufafin 'yan asalin Amurka, Malcolm Sargent na jagorantar yawancinsu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya katse al'adar, sunan mawallafin kuma ya dusashe na tsawon lokaci. Wasan waƙa mafi girma da ya rubuta, Thelma, wanda aka ƙi karɓa yana raye, ya kwanta cikin takardunsa a Ɗakin Karatu na Birtaniya har wata mai bincike, Catherine Carr, ta tono shi. An gabatar da shi karo na farko a Croydon a 2012.