Nana Asma'u 'Yar Shehu: Haƙuri da Hawaye

An haifi Nana Asma'u a garin Degel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. 'Yan biyu aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Gidansu gidan ilimi ne, inda mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. A nan ta tashi, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ba ta daɗe tana jin daɗin ƙuruciya ba. A shekarar 1804, tana da kimanin shekara 11, saɓani ya tsananta tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, har jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Daga nan yaƙi ya ɓarke. Suka riƙa ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa, ga cuta, ga fargabar abokan gaba. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai an kashe ɗimbin mutanensu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Ba su sami sauƙi ba sai a 1808, lokacin da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. A cikin waɗannan shekaru na wahala aka aurar da Asma'u ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Yaƙi ya lafa, amma rashe-rashe ba su ƙare ba. A 1817 mahaifinta ya rasu a Sakkwato, kuma a wannan shekarar ta rasa Hassan, abokin haihuwarta. A 1837 yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Wurno. Shi ne abokin shawararta a harkar ilimi. A 1851 mijinta Giɗaɗo ya bi su. Ba a jima ba kuma ta rasa babbar aminiyarta A'isha, matar Bello.

Asma'u ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Ta rubuta waƙoƙin makoki masu yawa, ba ga sarakuna da manyan malamai kaɗai ba, har da mata 'yan'uwanta da maƙwabta. A cikinsu ta bayyana kaɗaicin da take ji da hawayen da take zubarwa, ba tare da jin kunya ba. A waƙar da ta yi wa A'isha ta nuna cewa addini bai hana kukan tausayi da kewa ba, abin da ya hana shi ne kururuwa da ihu. A wurinta, mai haƙuri ba shi ne wanda ba ya jin zafin rashi ba. Mai haƙuri shi ne wanda ya amince cewa yana jin zafin, ya miƙa al'amarinsa ga Allah, sa'an nan ya tashi ya ci gaba da aikin da ke gabansa.

Haka kuwa ta yi. Ita da mijinta sun taimaka wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana tarihinsa. Ta kuma lura cewa matan karkara ba su da hanyar samun ilimi, sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali da ilimi ta naɗa ta shugaba, wato jaji, ta ba ta malafa da jan rawani a matsayin alamar muƙaminta. Jajin takan taho da mata daga ƙauyensu su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Da yake yawancinsu ba su iya karatu ba, sai Asma'u ta riƙa tsara darussan cikin waƙa, don su yi sauƙin haddacewa.

Nana Asma'u ta rasu a shekarar 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin birnin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da kula da 'Yan Taru. A yau akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama a Arewacin Nijeriya masu ɗauke da sunanta. Hausawa kan ce haƙuri maganin zaman duniya. Rayuwar Asma'u ta nuna cewa zubar da hawaye ba ya rage wa mai haƙuri komai.