Nana Asma'u: Goyo a Baya, Alƙalami a Hannu

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Ɗegel a shekarar 1793. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sai matan Shehu suka raine ta. A 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Allah ya ba su 'ya'ya maza shida, na farin ya rasu yana jariri.

Da raino da hidimar babban gida, Nana ba ta ajiye alƙalami ba. Ta bar rubuce-rubuce sama da 60, akasari waƙoƙi, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Kuma ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. Maigidanta malami ne da ya ba ta goyon baya, yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma yana girmama iliminta.

Ita ma ba ta manta da masu goyo ba. Ta kafa 'Yan Taru, inda dattijai mata da ake kira jaji, tare da 'yan mata, suke zuwa wurinta su haddace waƙoƙi, su kai wa matan aure har cikin gidajensu.

Ta rasu a Sakkwato a 1864. Allah ya jiƙanta.

'Yan uwa, in kishiyarki ko ƙanwarki tana rubutu, karɓar mata yaro na awa ɗaya ma taimako ne babba.