Tarihin Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da Ya Gano Sirrin Taransifoma

A Kusugu da sauran unguwannin Daura, duk ranar da taransifoma ta ƙone ko ɓarayi suka kwashe wayoyinta, sai injin niƙa ya tsaya, famfon burtsatse ya ƙafe, masu walda su zauna hannu rabbana. Wannan na'ura da jama'a ba su cika tunawa da ita ba sai ta lalace, asalinta yana komawa ne ga wani Bature mai suna Michael Faraday.

An haife shi ran 22 ga Satumba, 1791, a kusa da birnin Landan ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne, talaka, mai fama da rashin lafiya, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya yi shekara bakwai yana ɗinki yana karance abin da aka kawo masa. A 1812 ya saurari laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuce su tsaf, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron aiki a cibiyar Royal Institution.

Babban aikinsa ya zo ne ran 29 ga Agusta, 1831. Ya sami zoben ƙarfe, ya naɗa masa wayoyi biyu, ɗaya a kowane gefe, ba tare da sun taɓa juna ba. Ta farko ya haɗa da batir, ta biyu kuwa da allurar awon lantarki. Da ya jona batir sai allurar ta motsa, sannan ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake motsawa. Wani da sai ya ce gwajin bai yi ba, amma shi ya fahimci cewa canjin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da wuta a waya ta biyu, ba zamansa wuri ɗaya ba. Dalili ke nan da wutar da ake rabawa a Nijeriya take kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda, har taransifoma ta iya sauko da ita daga bolt 11,000 zuwa abin da gida zai ɗauka. A wannan shekara kuma ya juya faifan tagulla a tsakanin bakin maganaɗisu ya sami wuta. Bisa wannan ƙa'ida injinan Kainji da ƙaramin janaretan mai shago suke aiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A 1833 ya lura cewa wani haɗi na azurfa da farar wuta yana ƙara barin lantarki ya wuce idan ya yi zafi, saɓanin ƙarafa. Irin waɗannan abubuwa, da ba su buɗe wa wuta hanya kamar tagulla, ba su kuma toshe ta kamar roba, su aka sarrafa a Amurka a 1947 aka yi taransisto, wato ɗan makunnin da ke kunnawa da kashewa ya ba kwamfuta da wayar hannu lambobinsu na 1 da 0. Kafasita kuwa, wadda ke tara wuta kamar yadda randa ke tara ruwa, da sunansa ake auna ta, wato farad. Duk mai gyaran rediyo ya san alamar.

Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba, sai James Clerk Maxwell ne ya zo ya mayar da bincikensa lissafi. Sau biyu ana ba shi shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society yana ƙi. Da girma ya zo mantuwa ta dame shi ƙwarai. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, ya bar matarsa Sarah, ba su sami haihuwa ba, aka binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.